Tsakanin Magani da Guba: Ilimin Ma'aikatan Jinya Game da Magunguna Masu Haɗari

Duk wanda ya taɓa jinyar yaro mai gudawa ya san ƙunshin garin nan na gishiri da sukari da ake bayarwa a asibiti, wanda ake jiƙawa a cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta a riƙa ba yaro yana kurɓa. Daga cikin abubuwan da aka haɗa garin da su akwai giram 1.5 na wani gishiri da ake kira fotasiyam kuloraid. Yaro zai shanye wannan ruwa sannu a hankali, ƙarfinsa ya dawo, idanunsa da suka faɗa su ciko. To, a ɗakin ajiyar magunguna na asibitin nan kuma akwai wata 'yar kwalbar allura, tsawonta bai wuce na yatsa ba, mai ɗauke da ruwa garai-garai mililita 10. Abin da ke narke a cikinta shi ne giram 1.5 na wannan gishiri dai, ba ƙari ba ragi. Amma in aka zuƙe ta a sirinji aka tura wa ƙaton namiji a jijiya kai tsaye, zuciyarsa tana iya tsayawa kafin a zare allurar.

Sinadarin ɗaya ne, nauyinsa ma ɗaya ne. Abin da ya raba waraka da mutuwa shi ne hanyar da maganin ya bi ya shiga jiki, da yawan ruwan da aka sirka shi da shi, da kuma saurin shigarsa. Waɗannan abubuwa kuwa, a ɗakin majinyata, suna hannun ma'aikacin jinya ne, wato nas, namiji ko mace. Likita ne ke rubuta magani, mai harhaɗa magunguna ya fitar da shi, amma nas ce ke riƙe da sirinji a bakin gado. In likita ya yi kuskure a rubutu, akwai mutum biyu a gabansa da za su iya tare kuskuren. In nas ta yi nata, sau da yawa babu kowa tsakaninta da jinin majinyaci.

Masana harkar magunguna sun ware wani rukuni da suke kira magunguna masu haɗari ƙwarai. Ba wai an fi yin kuskure da su ba ne fiye da sauran. Abin da ya ware su shi ne munin abin da ke biyo bayan kuskuren. Babban mutum da ya haɗiye ƙwayar farasitamol huɗu a maimakon biyu sau ɗaya, galibi ba abin da zai same shi. Amma akwai magungunan da tazarar da ke tsakanin awon da ke warkarwa da awon da ke kisa ba ta da faɗi ko kaɗan. A cikinsu akwai gishirin fotasiyam da na maganisiyam masu kauri, da insulin na masu ciwon sukari, da magungunan hana jini daskarewa irin su hefarin, da magungunan kashe zafin ciwo dangin mofin waɗanda ke iya danne numfashi, da magungunan sankara, da kuma waɗanda ake sassauta tsokar jiki da su a ɗakin tiyata. A watan Maris na shekarar 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da wani shiri na rage cutarwar da kurakuran magani ke jawowa, inda ta ƙiyasta cewa irin waɗannan kurakurai suna cin wa duniya dalar Amurka biliyan 42 a kowace shekara, ta kuma sanya magunguna masu haɗari cikin abubuwan da za a fara mayar da hankali a kansu.

Abin da fotasiyam ke yi wa zuciya

Jikin ɗan Adam ba ya rayuwa sai da fotasiyam, amma yana adana shi a wuri na musamman. Kusan kashi 98 cikin 100 na fotasiyam ɗin jiki yana ƙunshe ne a cikin ƙwayoyin halitta, ɗan abin da ya rage shi ne ke yawo a cikin jini da ruwan da ke kewaye da ƙwayoyin. Ana auna shi da wani ma'auni da ake kira milimol. A cikin ƙwayar halitta akan sami kimanin milimol 140 a lita, a ruwan jini kuwa tsakanin 3.5 da 5.0 kacal. Wannan babban bambanci tsakanin ciki da waje shi ne ke haifar da ɗan ƙarfin lantarki a jikin bangon kowace ƙwaya, kamar yadda batir ke da kai biyu masu bambancin caji. Duk bugun da zuciya ta yi, ƙwayoyin tsokarta sukan sauke wannan caji, sa'an nan su sake ɗaukarsa domin bugu na gaba. In fotasiyam ya yi yawa a jini farat ɗaya, sai bambancin ya ragu, ƙwayoyin su kasa sake ɗaukar caji, bugun zuciya ya rikice, daga nan ta tsaya cik.

Ɗalibi mai son lissafi zai iya gwada wannan da kansa. Ruwan jinin babban mutum, in an cire ƙwayoyin jini, bai fi lita 3 ba. In kowace lita tana da milimol 4, to duka fotasiyam ɗin da ke cikinsa milimol 12 ne. Ita kuwa 'yar kwalbar nan ta mililita 10 tana ɗauke da milimol 20. Wato kwalba guda ta fi duk abin da ke yawo a ruwan jinin mutum. Likitocin tiyatar zuciya sun san da wannan, har ma da gangan suke tsayar da zuciya da ruwa mai yawan fotasiyam domin su yi aikinsu a kanta ba ta motsi. Haka kuma sa'ad da jihar Teksas ta Amurka ta fara zartar da hukuncin kisa ta hanyar allura a shekarar 1982, wannan gishiri yana cikin magungunan da aka yi amfani da su.

Duk da haka ba a iya raba asibiti da shi, domin mai amai da gudawa, da mai shan maganin sa fitsari, da mai ciwon sukarin da ya yi tsanani, duk fotasiyam ɗinsu kan yi ƙasa, kuma ƙarancinsa ma yana rikita zuciya. Abin da ake koya wa nas shi ne kada a taɓa tura shi a jijiya da kaurinsa. Sai an zuba shi a ledar ƙarin ruwa, yawanci kada ya wuce milimol 40 a lita ɗaya, a kuma bar shi ya riƙa ɗiga, kada ya wuce kimanin milimol 10 a awa a ɗakin majinyata na gama-gari. Ke nan kwalbar nan guda tana bukatar ruwa rabin lita da aƙalla awa biyu. Akwai kuma wani ɗan sirri da littafi kan ambata a layi ɗaya amma rai ya rataya a kansa: ruwan fotasiyam ya fi ruwan leda nauyi. In aka zuba shi a ledar da ke rataye ba a jujjuya ta sosai ba, sai ya kwanta a ƙasa, daidai bakin bututun da ke zuwa jijiya, majinyaci ya sami kusan dukansa a 'yan mintunan farko alhali leda tana nan cike. Nas da ta san dalilin wannan ba za ta yi ƙyuyar sauke leda ta jujjuya ta sau da yawa ba. Wadda aka gaya wa umurnin kawai ba tare da dalili ba, ranar da aiki ya yi mata yawa za ta tsallake shi.

Harafi ɗaya, sifiri ɗaya

Insulin ba a auna shi da miligiram, da yunit ake aunawa, kuma irin da ya fi yawa a yau yana da yunit 100 a kowace mililita. Mai ciwon sukarin da aka rubuta wa yunit 10, abin da zai shiga jikinsa kashi ɗaya ne cikin goma na mililita, wato bai fi ɗigo biyu ba. Saboda haka yake da sirinjinsa na musamman mai zanen yunit. In aka ɗauki sirinjin gama-gari aka zuƙi mililita ɗaya, an ninka awon sau goma. A wasu ƙasashe kuma akwai insulin mai yunit 40 a mililita da nasa sirinjin dabam. In aka zuƙi mai yunit 100 da sirinjin mai 40, majinyaci zai sami ninki biyu da rabi na abin da aka nufa.

Wani tarkon a rubutu yake. An daɗe ana gajarta kalmar yunit da harafin U, shi kuwa wannan harafi in hannu mai sauri ya rubuta shi, bakinsa kan haɗe ya zama sifiri, sai 4U ta koma 40. Yanzu ƙa'ida ita ce a rubuta kalmar cikakkiya. Haka abin yake game da ɗigon da ke raba cikakkiyar lamba da gutsurenta: wanda ya rubuta .5 ba tare da sifiri a gaba ba, in ɗigon ya ɓace a layin takarda an karanta 5. Wanda kuma ya rubuta 1.0 a maimakon 1, ana iya karanta masa 10. Malaman lissafi da ke rage wa ɗalibai maki a kan irin wannan ɗigo suna da hujjar da ta fi ta jarrabawa.

Yawan insulin yana janye sukari daga jini, ƙwaƙwalwa kuwa da sukari take aiki, ba ta kuma da rumbun ajiyarsa. Majinyaci zai fara gumi da rawar jiki, magana ta rikice masa, sa'an nan ya suma. A asibitocinmu, inda sau da yawa daga gida ake kawo wa majinyaci abinci, nas mai hankali takan tambaya ko kwanon abinci ya iso kafin ta yi allurar da ake yi gab da cin abinci, domin mai kawo abincin yana iya maƙalewa a hanya, insulin kuwa ba ya jira.

Maganisiyam a ɗakin haihuwa

A arewacin Nijeriya ba a rasa gidan da bai san ciwon jijjiga ba, wanda wasu ke kira taune-taune, wato farfaɗiyar da ke kama mai ciki ko mai jego sakamakon hawan jini. Yana cikin manyan abubuwan da ke kashe mata wajen haihuwa a wannan yanki. Maganinsa shi ne maganisiyam salfet. Wani babban gwaji da aka buga sakamakonsa a shekarar 1995 ya nuna ya fi dayazifam hana jijjigar dawowa, wani kuma mai suna Magpie, wanda aka yi a kan mata fiye da 10,000 a ƙasashe 33 aka buga a 2002, ya nuna yana rage haɗarin kamuwa da ita da fiye da rabi. Magani ne mai araha, amma yana cikin masu haɗari, kuma a nan ne ake ganin ilimin ungozoma da nas a fili.

Maganin yakan zo da kauri na kashi 50 cikin 100, ma'ana giram 50 a mililita 100, ko giram ɗaya a kowace mililita 2. A tsarin da aka fi bi a ƙasashe irin namu, wanda ke ɗauke da sunan wani likitan Amurka, Pritchard, ana fara ba mace giram 4 ta jijiya a hankali, amma da kaurin kashi 20 cikin 100, sa'an nan giram 5 a tsokar kowane ɗuwawu. To, yaya za a mayar da kashi 50 ya zama kashi 20? Giram 4 yana cikin mililita 8 na mai kaurin. In aka ƙara ruwan allura mililita 12, an sami mililita 20 mai ɗauke da giram 4, wato kashi 20 cikin 100 daidai. Lissafi ne na ƙaramar sakandare. Bambancin kawai shi ne ungozoma tana yin sa da ƙarfe biyun dare, mace tana jijjiga a gabanta, dangi suna salati a bakin ƙofa. Ba a kawo waɗannan alƙaluma domin wani ya ɗauki sirinji a gida ba, an kawo su ne domin a ga irin lissafin da aikin ya ƙunsa.

Bayan awon farko ana ci gaba da giram 5 duk bayan awa huɗu, kuma kafin kowace allura sai nas ta duba abubuwa uku. Maganisiyam yana sanyaya saƙon da ke tafiya daga jijiyar motsi zuwa tsoka, kuma in ya taru a jini yana da tsari wajen nuna kansa: da farko zillon da ƙafa ke yi in an ƙwanƙwasa ƙasan gwiwa zai ɓace, sa'an nan numfashi ya ragu, daga baya zuciya ta tsaya. Don haka nas za ta ƙwanƙwasa gwiwa ta ga ko ƙafa ta motsa, ta ƙirga numfashi ta tabbatar bai kasa 16 a minti ba, ta kuma auna fitsari ta ga bai kasa mililita 30 a awa ba. Dalilin auna fitsari shi ne ƙoda ce kaɗai ke fitar da maganisiyam daga jiki, ciwon nan kuwa ita kanta ƙodar yakan taɓa. In ɗaya daga cikin ukun ya gaza, a dakatar da allura. In numfashi ya yi rauni ƙwarai, akwai makari, wato kalsiyam gulukonet giram ɗaya ta jijiya a hankali, kuma ƙa'ida ita ce ya kasance a kusa tun kafin a fara.

Abin lura a nan shi ne rashin sani yana kisa ta fuska biyu. Akwai nas da za ta ba da maganin ba tare da duba gwiwa da numfashi ba. Akwai kuma wadda labarin haɗarinsa ya tsorata ta, sai ta ƙi taɓa shi, ta tura mace wani asibiti mai nisa ba tare da awon farko ba, jijjiga ta sake kama ta a mota. Ta biyun nan ba a cika ɗora mata laifi ba, domin ba ta yi komai ba, alhali rashin yin ne ya yi ɓarnar.

Inda sani kaɗai ba ya wadatarwa

Tun a makarantar koyon aikin jinya ake haddace cewa kafin a ba da magani a tabbatar da majinyacin, da maganin, da awon, da hanyar, da lokacin. Ƙa'ida ce mai kyau, sai dai ta ɗora dukan nauyi a kan idon mutum ɗaya, ido kuwa yana gajiya. Mafi yawan waɗanda suka tura fotasiyam a jijiya bisa kuskure sun san sarai yana kisa. Abin da ya faru shi ne sun miƙa hannu domin ɗauko ruwan allura ko ruwan gishiri na wanke bututu, sai hannu ya faɗa kan kwalba mai kama da ita a girma da launi. Kama da wane ba wane ba ne, amma a tsakar dare, ga majinyata da yawa a hannun nas ɗaya, ido kan ga abin da ya sa ran gani.

A watan Satumba na 2006, a wani asibiti a birnin Indiyanafolis na Amurka, an ba jarirai bakwaini shida hefarin mai yunit 10,000 a mililita a maimakon mai yunit 10 da ake wanke bututun jijiya da shi. Ninki dubu ke nan. An ajiye kwalaben manya ne a ma'ajin jarirai bisa kuskure, kuma dukansu biyu suna da takarda mai launin shuɗi. Uku daga cikin jariran suka rasu.

Irin waɗannan abubuwa ne suka sa aka koma gyara wurin aiki, ba a tsaya ga yi wa ma'aikaci gargaɗi ba. A watan Yuli na 2002 hukumar kare lafiyar majinyata ta Ingila ta wancan lokaci ta fitar da sanarwarta ta farko, kuma a kan fotasiyam ta yi ta: a kwashe kwalabe masu kauri daga ɗakunan majinyata na gama-gari, a riƙa amfani da ledojin da aka riga aka sirka tun daga masana'anta. Hukumar tantance asibitoci ta Amurka ta shar'anta irin wannan a 2003. Abin da babu shi a kabad, hannu ba zai ɗauko shi bisa kuskure ba. Haka aka yi da binkiristin, maganin sankarar jini da ake bayarwa ta jijiya kaɗai, wanda in aka tura shi a ruwan lakar ƙashin baya kusan ba a tsira. A 2001 wani saurayi ɗan shekara 18 ya rasu a birnin Notingham na Ingila bayan likitoci sun yi masa wannan kuskure. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a daina haɗa shi a sirinji, a riƙa sirka shi a 'yar ƙaramar ledar ƙarin ruwa, wadda ba mai ɗaukar ta ya nufi ƙashin baya da ita.

Akwai kuma dubawar mutum biyu, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma tana da sharaɗi. In nas ta nuna wa abokiyar aikinta sirinji ta ce, "Mililita takwas ne, ko?" to ta riga ta sa mata amsa a baki. Dubawar da ke da amfani ita ce ta biyun ta karanta takardar likita da kanta, ta yi nata lissafin ba ta ga na farko ba, sa'an nan a gwada. Umurnin baki ma ana maimaita shi ga mai bayarwa. Da yake da Ingilishi ake aiki a asibitocin Nijeriya, kuma a wannan harshe sha huɗu da arba'in sun yi kama a kunne, nas takan ce, "Ranka ya daɗe, sha huɗu ka ce, wato ɗaya da huɗu?" Wannan tambaya tana da nauyi a bakin ƙaramar ma'aikaciya a al'adar da ke ganin mayar wa babba magana rashin kunya ne, kuma babban likita ko babbar sista da ke ɓata rai in an tambaye su suna rufe ƙofar da wata rana ta nan za a ceci sunansu.

Sauran tambaya ita ce abin da za a yi wa wanda ya yi kuskuren. A watan Disamba na 2017, a birnin Nashbil na Amurka, an rubuta wa wata dattijuwa 'yar shekara 75 maganin kwantar da hankali mai suna Versed kafin a ɗauki hoton jikinta. Nas ta je wurin kabad mai kwamfuta ta buga haruffa biyu na farkon sunan, V da E, ta ɗauki abin da ya fito, ashe bekuroniyam ne, maganin da ke shanye tsoka har da ta numfashi, wanda a rubutun Ingilishi da waɗannan haruffa yake farawa. Alamu sun isa su tsayar da ita, domin gari ne da sai an narka shi, alhali wancan ruwa ne, kuma akwai gargaɗi a murfin kwalbar. Dattijuwar ta rasu. Nas ɗin ta faɗi abin da ta yi nan take, aka karɓe lasisinta, kuma a watan Maris na 2022 kotu ta same ta da laifin kisa ta hanyar sakaci, daga baya aka yanke mata zaman shekara uku a ƙarƙashin sa ido ba tare da ɗauri ba. Ƙungiyar ma'aikatan jinya ta Amurka ta nuna damuwa cewa irin wannan shari'a za ta sa ma'aikata su riƙa ɓoye kurakuransu, kuskuren da aka ɓoye kuwa ba a gyara tarkon da ya jawo shi, yana nan yana jiran wani. Iyalan mamaciya suna da hakki, sakacin kuma na gaske ne, saboda haka ba magana ce mai sauƙin yankewa ba. Ta ɓangaren kabad ɗin dai, wata cibiyar kula da amincin magunguna ta Amurka ta ba da shawarar kada kwamfuta ta riƙa nuna sunan magani sai an buga aƙalla haruffa biyar.